Yasar Kwalbati Kafin Saukar Damina

Ya kai mai karatu, idan akwai rafi tsakanin gidanku da makaranta, ko tsakanin gonarku da kasuwa, kuma kana ƙetare shi ba tare da ka jiƙa ƙafa ba, to, ɗayan abu biyu ne yake ɗauke da kai: ko gada, ko kwalbati. Gada kowa yana ganinta, domin tana da tsayi, tana da ginshiƙai, wani lokaci ma har suna gare ta. Kwalbati kuwa a binne yake a ƙarƙashin hanya. Mutum yana iya yin shekara goma yana bi ta kansa safe da yamma, bai taɓa sunkuyawa ya leƙa cikinsa ba. A kan wannan abu nake so mu yi magana, domin na zauna a ƙauyen da zuwa makaranta, da zuwa asibiti, da cin kasuwa duk suka rataya a kan bututu biyu na kankare.

Tun da aikina koyar da harshe ne, bari mu fara da kalmomi. Kalmar kwalbati an aro ta ne daga Turanci, kamar yadda aka aro shebur da diga da siminti. Jam'inta kwalbatoci. Idan ƙasa da shara suka cika kwalbati har ruwa ya kasa wucewa, sai a ce ya toshe, kamar yadda hanci yake toshewa idan mutum yana mura. Fitar da abin da ya toshe shi kuwa, shi ake kira yasa. Wannan tsohuwar kalmar Hausa ce, ta girmi kwalbati nesa ba kusa ba, domin tun kaka da kakanni Hausawa suke yasar rijiya idan laka ta taru a gindinta. Sai ka ji an ce: "Gobe za mu yashe rijiya," ko kuwa: "Samari sun yashe kwalbati." Ka riƙe kalmomin nan biyu, toshewa da yasa, domin a kansu maganarmu za ta gudana.

Yadda ake gina kwalbatin ƙauye ba shi da wuyar fahimta. Ana zuba kankare a yi manya-manyan zobba, a jera su a cikin rafi baki da baki har su zama dogon bututu. Daga nan a zuba jar ƙasa a kansu, a daddanne ta, hanya ta bi ta sama. A kowane gefe akan gina ɗan bango don ya riƙe ƙasar hanya kada ta zube. Bakin da ruwa yake shiga shi ne bakin sama, wanda yake fita ta cikinsa kuwa shi ne bakin ƙasa. Zobban da aka fi gani a hanyoyin karkara su ne masu faɗin santimita 60 da masu santimita 90. Kada ka raina bambancin santimita 30 ɗin nan. Filin da ke cikin zobe mai 90 ya ninka na mai 60 sau biyu da kwata. Wato bututu ɗaya mai 90 ya fi biyu masu 60 ɗaukar ruwa.

Ƙauyen da na fara koyarwa yana tsakiyar Nijeriya, ƙasar doya da dawa da masara. Mutanensa harsunansu daban-daban ne. A gida kowa yana magana da nasa, amma a kasuwa da wurin taro Hausa ce take haɗa su. Makaranta da ɗakin shan magani da hanyar fita zuwa babban titi duk suna gabas da rafi, unguwanni uku kuwa suna yamma da shi. Da rani rafin yakan ƙafe, har yara su riƙa buga ƙwallo a kan yashinsa. Da damina kuwa yakan cika ya batse cikin sa'a guda. Bututu biyu masu santimita 90 su ne suka haɗa gabas da yamma.

Me yake toshe kwalbati? Yawancin mutane za su ce leda, kuma sun yi gaskiya, sai dai leda tana da mataimaka. Ruwan sama idan ya gangaro daga gonaki yakan kwaso yashi da laka, da karan dawa, da ganyaye, da rassan itatuwa. Muddin yana gudu da ƙarfi, yana riƙe da kayansa. Da zarar gudunsa ya ragu, sai ya fara sauke su, mafi nauyi da farko: tsakuwa, sannan yashi, sannan laka. A bakin sama reshe ɗaya yakan gitta. Kara ya zo ya jingina da shi, tsumma ya maƙale, sannan leda ta zo ta liƙe 'yan kafofin da suka rage, ita kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye. Kafin a yi ruwa uku an sami shinge a bakin bututu, yashi kuma ya taru a bayansa.

Akwai toshewa iri na biyu, wadda ido ba ya saurin ganinta. Wani dattijo ne ya nuna mini ita, tsohon leburan hanya da ya yi ritaya ya dawo gida, kowa yana kiransa Baba. Wata rana ya kai ni bakin ƙasa, ya nuna mini ciyawa ta yi duhu a mafitar ruwa, ya ce: "Malam, ciwon daga nan yake farawa. Ciyawa ta tare ruwa, ruwa ya tsaya, yashi ya kwanta. Bana ya kwanta a baki, baɗi ya shige ciki, har ya kai tsakiya." Na ce: "Baba, idan rabin bututun a buɗe yake, bai wadatar ba?" Ya girgiza kai, ya ce: "Rabin bututu ba ya ɗaukar rabin ruwa, Malam." Maganarsa haka take. Yashin da ya kwanta yana rage fili, sannan yana rage wa ruwa gudu, saboda haka abin da zai wuce bai kai rabi ba.

Domin ka gane nauyin da ke kan wannan bututu, bari mu yi ɗan lissafi. A ce an yi ruwan sama na milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a tsakiyar damina, a kan fili mai tsawon kilomita 1 da faɗin kilomita 1. Ruwan da ya sauka a wannan fili ya kai lita miliyan 50, wato jarka miliyan 2, irin mai cin lita 25. Ƙasa takan shanye wani, ciyawa ta riƙe wani. Amma ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya gangaro rafi, jarka 500,000 ke nan za ta nemi wucewa ta cikin kwalbati cikin 'yan sa'o'i. Kowace lita kuwa nauyinta kilo 1 ne. Yanzu ka tambayi kanka, ina wannan ruwa zai nufa idan ya iske ƙofa a rufe?

Ruwa ba ya komawa inda ya fito. Idan ya iske kwalbati a toshe, sai ya taru a bayan hanya, hanya ta zama madatsar ruwa, alhali ba don haka aka gina ta ba. Daga nan sai ya nemi mafita ta wuri biyu. Ta ƙasa, yakan tsiyaya ta jikin bututu daga waje, yana kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan, har wata rana rami ya buɗe a tsakiyar hanya. Ta sama, yakan haura hanya ya zuba ta ɗaya gefen, yana cin ƙasa daga can yana dawowa baya, har ya raba hanyar biyu. Idan ƙasar da take riƙe da zobba ta tafi, su ma sai su goce, su rabu da juna. Aikin da shebur goma za su gama kafin azahar ya koma na injiniya da tifa da buhunan siminti.

Na ga haka da idona. Wata shekara samarin ƙauyen da yawa sun tafi ci-rani ba su dawo da wuri ba, ruwa kuma ya sauka kafin lokacin da aka saba, sai aka shiga damina ba a yashe kwalbati ba. A watan Yuni, cikin dare ɗaya, ruwa ya yanke hanya. Lokacin kuwa 'yan ajin ƙarshe suna tsakiyar jarrabawar kammala sakandare, wadda a ƙasarmu take faɗowa tsakanin Mayu da Yuli, daidai lokacin ruwa. Jarrabawa ba ta jiran kowa. Ɗaliban yamma suka zagaya ta wata gada mai nisa, tafiyar sa'a uku a ƙasa. Wata yarinya, ɗaya daga cikin masu ƙwazon ajina, ta iso bayan an karɓi takardu. Ta rasa wannan darasi, sai da ta jira shekara guda kafin ta sake rubuta shi. Daga ranar muka shimfiɗa wa sauran tabarmi a cikin azuzuwa, suka riƙa kwana a makaranta har aka gama. A wannan mako kuma aka ƙetare da wata mace mai naƙuda a kan ƙyauren ɗaki, maza shida suna ɗauke da ita a kafaɗa, bayan ruwa ya ɗan janye. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya.

Kada ka ɗauka wannan matsalar ƙananan ƙauyuka ce kaɗai. A ranar 29 ga Mayu, 2025, ambaliya ta auka wa garin Mokwa na Jihar Neja, mutane fiye da 150 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. Mazauna garin sun shaida wa manema labarai cewa ruwa ya taru ne a bayan tudun ƙasa na wata tsohuwar hanyar jirgi, domin tarkace ya toshe kwalbatocin da ruwan ya saba bi, har tudun ya fashe. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da ya faru a rafinmu da wanda ya faru a Mokwa hanyarsu ɗaya ce, girman asarar ne ya bambanta.

A ƙauyenmu, tun daga shekarar da hanya ta yanke, mai unguwa da dattawa suka tsayar da rana. Kowace shekara a cikin watan Maris, kafin ruwan farko, za a fita yasar kwalbati, ko samari sun dawo ko ba su dawo ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gora shi ne abin zuba ruwa na duma wanda matafiyi yake ratayawa, fafewa kuwa ita ce buɗe bakinsa a kwashe abin da ke ciki. Wanda ya bari sai ranar tafiya zai tafi da ƙishirwa. Watan da ya dace ya danganta da inda kake zaune. A kudu, inda ruwa yake sauka tun a Maris, sai a yi aikin a Janairu ko Fabrairu. A can arewa kuwa, inda damina ba ta kankama sai Yuni, Afrilu ko farkon Mayu ya yi. Hukumar NiMet mai hasashen yanayi tana bayyana lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowane yanki tun farkon shekara, kuma ana jin wannan bayani a rediyo.

Aikin gayya ake yi. Gayya ita ce mutane su taru su yi aiki ɗaya tare ba don lada ba, sai abinci da godiya. Yarbawa suna da irinta, suna kiranta owe, kuma idan ka tambayi iyayenka za ka ji sunanta a harshenku. Ana gobe za a fita, mai shela yakan zaga unguwanni. Da sassafe maza su fito da shebur, da diga, da fartanya, da adda, da kwanon sarki, da baro, da igiya. Mata su kawo kunu da ruwan sha. Duk wanda ya iso ya ce: "Sannunku da aiki." A amsa masa: "Yawwa, sannu da zuwa." Idan mai unguwa ya iso, matasa su rusuna su ce: "Ranka ya daɗe." A wurin nan na ji mutanen da harshensu na gida ya bambanta suna ba juna umarni, suna zolayar juna, duk da Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wato rufin ɗaki na ciyawa, haka kuma mutum ɗaya ba ya yasar kwalbati.

Kafin kowa ya taɓa shebur, Baba ne yake fara dubawa. Yakan haska tocila cikin bututu, sannan ya zungura da doguwar gora. Wannan gorar daban take da goran ruwa da na ambata: ita doguwar sanda ce mai gaɓoɓi, wadda take fitowa a bakin rafi. Dalilin zungurawa shi ne, da rani kwalbati wuri ne mai sanyi da duhu, maciji da kunama suna son irinsa. Yakan kuma duba ko wani zobe ya tsage, ko ya goce daga ɗan'uwansa, ko bango ya karkata. Sai ya gamsu sannan ya ce a fara.

Daga bakin ƙasa ake farawa. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko, kuma dalilinta a fili yake: abin da aka sassauta a ciki yana bukatar wurin fita. Wanda ya fara daga bakin sama, tura datti yake yi zuwa inda hanya take rufe. Saboda haka sai masu adda su sare ciyawar da ke mafita, masu diga da shebur su haƙe hanyar ruwa kamar taku ashirin, su bar ta tana gangarawa, yadda ƙasanta ba zai fi gindin bututu tudu ba. Idan an gama wannan, sai wasu su koma bakin sama su janye rassa da kara da leda, su kwashe yashin da ya taru.

Cikin bututun shi ne wuri mai wuya. Shebur ba ya wuce inda hannu ya kai. Daga nan sai a ɗaure fartanya a kan gora, a riƙa jawo yashi waje. Tsakiya kuwa, inda ko gorar ba ta yin aiki sosai, ga dabarar da Baba ya koya wa samari. A haɗa gora biyu ko uku, a ɗaura igiya a kan ta gaba, a zura ta ta ɗan filin da ya rage a sama har ta ɓullo ɗaya bakin. Sannan a ɗaura tsohuwar taya wadda ba ta kai bututun faɗi ba, a sa mata igiya gaba da baya. Mutanen bakin ƙasa su ja, taya ta turo yashi waje. Mutanen bakin sama su mayar da ita. Sai ka ji ana kira: "Ku ja!" "Ku saki!" "Ku dakata, ta maƙale!" Igiyar baya ita ce take ceton tayar idan ta maƙale, domin taya idan ta tsaya a tsakiya ta zama sabuwar toshiya.

Abin da aka fitar ba a tara shi a bakin rafi, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Yashi da tsakuwa akan ɗebe su a baro a cike ramukan hanya. Leda da kwalabe da gwangwani a ware su a kai nesa da ruwa. Idan an gama, sai a gwada. Mutum ya tsuguna a baki ɗaya ya leƙa: ya kamata ya ga haske a ɗaya bakin zagaye cif, kamar wata daren sha huɗu. Sannan a zuba bokitin ruwa kaɗan daga sama. Idan ruwan ya fita bai kwanta a ciki ba, aiki ya yi.

Yanzu ga maganar da nake so ka fi riƙewa, wato maganar tsare rai. Bututu mai santimita 60 ba a shigarsa ko kaɗan. Mai 90 ma babban mutum ne kaɗai yake shiga, idan ya zama dole, kuma sai wurin ya bushe, an tabbatar ba zoben da ya tsage. Akan ɗaura masa igiya a ƙugu, mutum biyu su tsaya a baki suna yi masa magana, kuma ba ya daɗewa, domin abin da ya ruɓe a rufaffen wuri yana fitar da iska mai sa mutum ya suma. Yaro ba ya shiga, ko da ya fi kowa ƙanƙanta da saurin rarrafe. Masu aiki su sa takalmin roba da safar hannu, saboda fasassun kwalabe da gwangwani mai tsatsa. Wanda ya yanke ya wanke ciwon da sabulu da ruwa mai tsabta, ya tafi asibiti a ranar, domin ƙwayar cutar sarƙewar haƙora a cikin ƙasa take zama.

Mafi haɗari duka shi ne yasar kwalbati a lokacin da ruwa ya riga ya taru. A irin wannan rana ba a rasa saurayin da zai ce: "Reshe ɗaya ne kawai, bari in shiga in janye shi." Idan kana wurin, ka hana shi, ka kira manya. Ruwan da ya yi shiru a sama yana da ja a ƙasa. Da zarar toshiya ta buɗe, bututu yakan zuƙe duk abin da ke kusa da bakinsa, kuma mutum ba ya iya ja da shi komai ƙarfinsa. Wanda ya tsaya a bakin ƙasa shi ma ruwa da tarkace za su buge shi. Haka kuma ba a bin hanyar da ruwa yake haurawa. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuwa yana iya tafiya da ƙaramar mota. Ban da haka, ba ka san ko ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan tana nan ba. A jira ruwa ya janye, sannan manya su tsaya a kan tudu su jawo tarkace da doguwar ƙugiya.

Yasa ta shekara-shekara tana yin sauƙi idan an rage abin da yake zuwa bakin bututu. A rafinmu an kafa turaka masu ƙarfi a jere, taku kaɗan kafin bakin sama, da ɗan fili tsakaninsu. Rassa da kara sukan tsaya a nan, ruwa ya wuce, bayan kowane babban ruwa kuma mutum biyu da aka ba wa wannan aiki su je su kwashe. A bakin ƙasa an jera manyan duwatsu don kada faɗuwar ruwa ta haƙa rami ta ci gindin bango. An dasa jema a gefen rafi, ciyawa ce mai dogayen saiwoyi masu riƙe ƙasa. Manoman da gonakinsu suke gangare aka roƙe su su daina noma har bakin ruwa, su kuma riƙa yin kunya a gicciye, kada ta bi gangare ta zama hanyar ruwa. Zubar da shara a rafi kuwa, mai unguwa ya sa masa tara.

Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba. Kwalbati idan ya toshe yakan bar kududdufi a bayansa, ruwa ya kwanta mako da makonni. A irin wannan ruwa sauro yake yin ƙwai, kuma a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwai ya zama sauro mai cizo. A ruwa mai kwanciya kuma ake samun ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya, wadda take sa fitsarin jini, yara kuwa ba su ƙi su yi iyo a ko'ina ba. Wanda ya buɗe wa ruwa hanya ya rage wa unguwarsu zazzaɓi.

Wani zai ce: "Ai wannan aikin gwamnati ne." Maganarsa tana da tushe. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu ya kai 774. Kuma akwai abin da shebur ba ya gyarawa: zoben da ya fashe, bangon da ya faɗi, ko bututun da tun asali ya yi wa rafin kaɗan. Waɗannan sai ma'aikata da kayan aiki. Shekarar da hanyarmu ta yanke, mutanen gari sun cike wurin da duwatsu da buhunan yashi don a samu a wuce, ni da ɗalibaina kuma muka zauna a aji muka rubuta wasiƙa, da Hausa da Turanci. Muka faɗi inda kwalbatin yake, da faɗin zobbansa, da abin da ya lalace, da yawan unguwannin da suka dogara da shi. Mai unguwa ya sa hannu, aka kai. Amsa ta daɗe, amma daga baya an zo an sake gina bangon.

Duk da haka, kwalbatocin da ke cikin ƙaramar hukuma ɗaya suna da yawa, kuma ma'aikacin da yake zaune a hedikwata ba zai san cewa reshe ya gitta a bakin bututunku daren jiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Neman haƙƙi a wurin hukuma da ɗaukar shebur ba sa hana juna. Jama'ar da ta yashe kwalbatinta ta fi ƙarfin baki idan ta je neman a gyara mata bango, domin ta san ainihin abin da ya lalace, kuma ta yi nata.

Kai ɗalibi ne, ba a ce ka shiga bututu ba. Amma kana da ido, kana da baki, kana da alƙalami. Idan rani ya yi, ka tsaya a gefen kwalbatin da ya fi kusa da ku, ka duba abu huɗu. Shin ana ganin haske daga baki zuwa baki? Yashi ya kai ina a jikin zobe? Ciyawa ta rufe mafita? Akwai rami ko tsaga a kan hanya daidai saman bututu? Abin da ka gani ka faɗa wa mahaifinka, ko malaminku, ko mai unguwa. Jihohi da dama sun ware Asabar ta ƙarshen wata don tsabtace muhalli, kuma kana iya ba da shawara a yi amfani da ɗaya daga cikinsu kafin ruwa ya sauka. Ranar aikin ka zo da baro, ka kwashe yashi, ka miƙa wa masu haƙa ruwan sha. Idan a unguwarku akwai masu jin Hausa, ka gaishe su da "sannunku da aiki," ka saurari yadda za su amsa maka.